Tiruvannamalai ko Rishikesh: ina ya kamata mai binciken girman kai ya fara zuwa?

Ƙanina da ke mastas a falsafa a Indiya ya kira ni kwanakin baya, yace Yaya kuɗin hannuna da ɗan hutun da aka bamu ba za su kai ni wuri biyu ba, furojet ɗina kuma akan abinda Hindu ke kira ahamkara ne, wato wannan "ni" ɗin da ke kumbura in an yabe shi, ya kwana yana jinya in an taɓa shi, to ina zan je, Tiruvannamalai inda Ramana Maharshi ya zauna ko Rishikesh inda Swami Sivananda ya kafa ashram ɗinsa? Mutanen biyu manyan malaman addinin Hindu ne, ashram kuwa gidan da irin wannan malami ke zama da almajiransa ne. Na bashi amsa a waya amma ta yi gajarta, raina bai kwanta da ita ba, shi yasa na zauna nake rubuta ta yadda ya kamata, tunda yaranmu da ke karatu a can suna da yawa kuma ba shi kaɗai ne zai yi wannan tambayar ba.

Ni Musulmi ne, kuma aƙidar da ke ƙarƙashin wuraren nan biyu, wai ran mutum da abinda suke kira Brahman, wato asalin komai a wajensu, abu ɗaya ne, ban yarda da ita ba, ban kuma rusuna wa gunki ba a duk inda na shiga. Amma ciwon girman kai kam ba ruwansa da addininka, mu ma mun san shi, malamanmu na tasawwufi sun cika littattafai da maganar kibru da ujubu da riya, kuma mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna tona wannan ciwon da gaske, abin a tsaya a duba ne.

Ni dai ba littafi ne ya kai ni ga wannan maganar ba. A shekarata ta ƙarshe a Bangalo sufabaiza na ya ɗaga aikin da na yi wata huɗu ina yi a gaban 'yan ajinmu yace wannan ko ɗan shekarar farko ba zai kawo masa ba, aka yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai. Kwana uku abinci baya shiga, ina kwance ina ta maimaita maganar a kaina ina shirya amsar da ya kamata ace na bashi, in gyara ta in sake gyarawa har asuba. Abokin ɗakina ɗan Tamil ne, mutum ne mai shiru, rana ta uku ya kalle ni yace to wai shi wanda aka zaga ɗin, waye? Raina ya ɓaci sosai, na ɗauka raini ne. Daga baya na gane tambayar Ramana ce, mutumin yankinsu, ya miƙo mini.

Kalmar ahamkara daga aham ne wato "ni", da kara wato mai yi ko mai ƙera, kaga kenan mai ƙera "ni". A wajensu ɓangare ne na kayan aikin cikin mutum, tare da manas mai kai-kawon tunani da buddhi mai yanke hukunci da chitta ma'ajiyar abubuwan da suka wuce. Aikinsa shi ne ya manna "nawa" akan komai, aikina, sunana, mutuncina. A littafin addininsu Bhagavad Gita babi na 3 baiti na 27 an ce wanda ahamkara ya ruɗe shi ne ke zaton shi ne mai aikatawa, a babi na 2 kuma baiti na 62 da 63 an jero yadda abin ke gangarowa, ka yi ta tunanin abu sai ka maƙale masa, daga maƙalewa sai sha'awa, daga sha'awa sai fushi, daga fushi sai ruɗewa har hankali ya tafi. Ranar da na karanta wannan jerin na ga kwana ukun nan nawa ne aka rubuta. Ramana da Sivananda duk sun yarda da wannan bayanin ciwon, a wajen magani ne suka rabu, kuma abin mamaki dukkansu 'yan jihar Tamil Nadu ne, shekara 8 ce tsakaninsu.

Ramana an haife shi a ƙarshen 1879 a Tiruchuzhi, sunan yankansa Venkataraman. Yana ɗan shekara 16 a gidan baffansa a Madurai, a 1896, tsoron mutuwa ya kama shi haka kawai ba ciwon komai, maimakon ya ruga wajen manya sai ya miƙe a ƙasa kamar gawa ya riƙe numfashi yana tambayar kansa, to jiki ya mutu, za a ƙone shi, ni fa na mutu? Bayan 'yan makonni ya bar gida ya iso Tiruvannamalai ranar 1 ga Satumba 1896, gindin dutsen Arunachala, kuma bai sake barin garin ba har ya mutu a 1950. Ya yi shekaru a kogon Virupaksha, sannan Skandashram, da mahaifiyarsa ta rasu a 1922 ya sauko kusa da kabarinta, nan ashram ɗin yanzu ya ginu. Hanyarsa ana kiranta atma vichara, binciken kai, kuma ainihinta yana cikin amsoshin da ya ba wani ma'aikacin gwamnati Sivaprakasam Pillai a 1902, waɗanda daga baya aka buga su da sunan Nan Yar, wato "Ni wane ne?" da yaren Tamil. Ɗan ƙaramin littafi ne, zaka gama shi kafin shayinka ya huce.

Ga yadda abin yake. Tunani ya taso, misali "an wulaƙanta ni", kada ka bi shi, kada ka tsaya gardamar ko sufabaiza ya yi gaskiya ko bai yi ba, ka tambaya wa wannan tunanin ya zo wa? Amsa, ni. To ni ɗin wane ne, daga ina wannan jin "ni" ɗin ke tasowa? Sai ka juya hankali zuwa can ka tsaya. Ba zikiri bane da zaka yi ta maimaita kalmar, ba kuma tambayar jarrabawa bace da ake jiran amsa ta baki, in ka amsa da cewa ni ɗalibi ne ko ni rai ne ka riga ka kauce. Ramana yace tambayar kamar sandar da ake juya wutar ƙona gawa ce, tana cinye sauran tunani daga ƙarshe ita ma ta ƙone. Abinda ya bambanta shi da kowa shi ne baya ce maka ka yaƙi girman kai ko ka koyi tawali'u, cewa yake ka nemo mai girman kan tukuna, in ka neme shi da gaske ba zaka same shi ba.

Wurin ma haka yake. Babu lakca, babu malamin da zai zaunar da kai, babu kos, babu satifiket. Akwai tsohon zauren da yake zama, mutane na shiga su zauna shiru su fita, akwai ɗawisu da birai a tsakar gida, akwai kantin littattafai da laburare, abinci a ƙasa ake ci akan ganye, sai hanyar hawa dutse zuwa kogon Virupaksha da Skandashram. Kwana uku na yi, rana ta farko kam har haushi na ji don ba wanda ya ce mini ko sannu balle ya tambayi me na karanta, sai daga baya na lura cewa wannan haushin shi ne ainihin abinda na zo gani.

Sivananda kuma likita ne. An haife shi 1887 a Pattamadai, sunansa Kuppuswami, ya yi shekaru yana aikin asibiti a Malaya, ƙasar da yanzu take cikin Malesiya, sannan ya ajiye komai ya zo Rishikesh a 1924 ya zama sannyasi, wato wanda ya bar duniya don ibada. Amma bai ajiye likitancin ba, yana bin bukkokin masu zuhudu marasa lafiya yana basu magani yana musu hidima, ya buɗe ƙaramin ɗakin shan magani, a 1936 ya kafa Divine Life Society a bakin kogin Ganga, ya rubuta littattafai sama da 200 kafin ya mutu a 1963. Koyarwarsa ya dunƙule ta a kalmomi shida, kuma jerin nasu ne abin lura, ka yi hidima, ka so, ka bayar, ka tsarkaka, ka yi zuzzurfan tunani, sannan ka gane. Hidima ce farko, seva kenan, aiki ba don lada ko godiya ba, wanda ya ɗauko daga karma yoga, wato hanyar aiki, ta Gita inda a babi na 2 baiti na 47 aka ce aiki ne naka, sakamakon ba naka bane. Yana da wata magana da almajiransa ke yawan faɗa, cewa jure zagi da jure cuta shi ne mafi girman horon kai. Yana kuma sa almajirai su riƙe ɗan littafin lissafin kai na kullum, ƙarfe nawa ka tashi, awa nawa ka yi hidima, sau nawa ka yi fushi kuma ya ɗauki tsawon wane lokaci, ƙarya nawa ka yi. Duk wanda ya san muhasaba a wajenmu zai gane wannan nan take.

Kaga a nan ba a cewa "ni" ɗin babu shi, ana goge shi ne a hankali kamar yadda ake goge ƙasan tukunya, ka share tsakar gida, ka wanke kwanon wanda ka fi ilimi, a kushe aikin ka yi shiru, da dare ka rubuta cewa yau zuciyata ta tafasa sau biyu. Ramakrishna na Kolkata da ya mutu 1886 yana da misalin da ya fi bayyana wannan hanyar, yace akwai ɗanyen "ni" mai cewa ni ne wane ɗan wane, akwai kuma nunannen "ni" mai cewa ni bawa ne, tunda ɗan banzan ba zai tafi ba to a bar shi ya zauna a matsayin bara. Ashram ɗin Sivananda yana Muni Ki Reti kusa da gadar Ram Jhula, akwai tsarin yini, akwai taron dare na waƙe da karatu da suke kira satsang, akwai asibitin kyauta, akwai makarantarsu ta yoga da falsafar Vedanta da aka buɗe 1948, wuri ne mai motsi, ko'ina ka juya wani yana wani aiki.

To yanzu wanne? Abinda na gaya wa ƙanina, kuma har yanzu ina kai, shi ne kowace hanya tana da irin mutumin da take ƙara wa ciwo maimakon ta rage, kuma wanda ya fi jin daɗin hanyar sau da yawa shi ne wanda ba ta dace da shi ba.

Ɗauki mai girman kan "ni na sani", irinmu 'yan boko masu son gardama, wanda ciwonsa shi ne a ce masa bai iya ba. Wannan da ya ji hanyar Ramana zai so ta, saboda babu shara babu wanke-wanke, babu wanda zai bashi umarni, kuma ana yawan cewa ita ce hanya miƙaƙƙiya ta waɗanda suka nuna, to wa zai ƙi a sa shi cikin waɗanda suka nuna? Na gansu a shagunan shayin da ke gefen ashram ɗin, yawanci baƙi daga Turai da Amurka har da 'yan ƙasar, bakinsu cike da babu mai yi babu wanda aka yi wa, amma mai kawo shayi ya ɗan makara ka ga yadda fuska ke canzawa. Mafi muni shi ne mutum ya ɓata wa wani rai, a zo masa da ƙorafi yace wa aka ɓata wa, ai babu kowa. Wannan ba binciken kai bane, girman kai ne ya samu sabon rawani, dama Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Shi Ramana da kansa ba haka ya rayu ba, tun kafin asuba yake tashi ya shiga madafa yana yanka kayan miya, yana ɗinke ganyen da ake cin abinci akai, kuma baya yarda a zuba masa fiye da na kowa ko a bashi wani abu na daban. Mutane suna ɗaukar tambayar su bar wuƙar yanka kayan miyan. Irin wannan mutumin Rishikesh ya kamata ya fara zuwa, a miƙa masa tsintsiya.

Sai kuma mai girman kan "ni na yi", wanda kullum shi ne a gaba wajen taimako, shi ke kai mara lafiya asibiti shi ke haɗa gudummawa, amma ranar da aka karanta sunayen waɗanda ake gode wa aka tsallake nasa ba zai yi barci ba. Wannan in ka kai shi wajen seva ka kai kifi ruwa ne, zai fi kowa shara, zai fi kowa jure zagi, sannan a ransa yana lissafin cewa babu mai tawali'unsa a gidan, har littafin lissafin kan ma ya koma masa allon maki. Riya kenan da muka sani, kuma gyaranta ya fi wuya saboda daga waje komai kyau ne. Shi wannan zama shiru a zauren da ba wanda ya san ya zo ba wanda zai ce an gode shi ne zai taɓa inda ke masa ciwo, tambayar wa ke son a gode masa ta fi masa amfani akan ƙarin aikin awa goma.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ni na ɗanɗana. In ciwon sabo ne, jiya aka ci mutuncinka, vichara ba ta kamuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Da abokina ya jefo mini tambayar nan a rana ta uku ba abinda ta yi sai ƙara mini wuta, don duk sanda nace ni wane ne zuciya sai ta amsa da ni ne wanda aka wulaƙanta a gaban aji, mu koma farko. Abinda ya fara sassauta mini shi ne sallah akan lokaci da kuma wani ɗan ajinmu da zazzaɓin dengi ya kwantar, na kwana biyar ina jinyarsa a asibiti ina kai masa abinci, ban samu sararin shirya wa sufabaiza amsa ba. Bayan wata biyu da na je Tiruvannamalai ƙura ta lafa, a lokacin ne na iya kallon abin na ga cewa aikin nawa dama yana da rauni a babi biyu, kuma abinda ya fi mini zafi ba kushen bane, idon 'yan aji ne. Sivananda ya sa hidima kafin zuzzurfan tunani da dalili, kuma shi ma a cikin koyarwarsa yana cewa a tambayi "ni wane ne", sai dai a can gaba ya ajiye ta. Ramana shi ma da mutane suka ce masa binciken ya fi ƙarfinsu cewa yake to ku miƙa wuya ga Ubangiji gaba ɗaya, hanya biyu ce. Kenan katangar da ke tsakaninsu ba ta kai tsayin da mabiyansu ke nunawa ba.

Wani abu da ya sa nake ganin mutanen biyu ba da baki kawai suke ba, an gwada su. A 1924 ɓarayi suka fasa ashram ɗin Ramana da dare har suka doke shi da sanda a cinya, ya hana almajiransa ramawa. A 1950 wani ya kai wa Sivananda sara da gatari a wajen taron dare, rawanin kansa ya tare, ya ƙi yarda a hukunta mutumin, ya sallame shi da alheri. Mai furojet akan girman kai da aka raunata, waɗannan labaran biyu kaɗai sun isa babi guda.

Ta fuskar furojet ɗin kuwa, Tiruvannamalai za ta baka zurfi amma ba za ta baka mutanen da zaka yi wa tambayoyi da yawa ba, kowa shiru ya zo yi, rubutun Ramana na kansa kaɗan ne kuma asalin mafi yawansa da Tamil ne, sauran hirarraki ne da almajirai suka rubuta. Rishikesh akwai masu zuhudu da malamai da zaka zauna da su, littattafan Sivananda da Turanci mai sauƙi ya rubuta su, kuma akwai abin gani da ido, tsarin yini, rabon aiki, littafin lissafi, abinda sufabaiza zai yarda an yi bincike. Sai dai garin ya cika da makarantun yoga na kasuwa masu sayar da satifiket na wata ɗaya, sai ka tace sosai.

Sauran na hanya ne. Daga Bangalo zuwa Tiruvannamalai kamar kilomita 200 ne, bas awa huɗu zuwa biyar, daga Chennai ma kusan haka. Rishikesh kuwa daga Delhi wajen kilomita 240, ka hau jirgin ƙasa zuwa Haridwar sai ɗan abinda ya rage a mota. Kada ka je Tiruvannamalai a Afrilu ko Mayu, zafin dutsen nan ko ɗan Sakkwato sai ya ji a jikinsa, kuma ka kauce wa daren cikar wata da bikin Karthigai Deepam na wajen Nuwamba zuwa Disamba in shiru kake nema, lokacin dubun dubatar mutane ke zagaya dutsen ba takalmi, kilomita 14, ɗaki ma baya samuwa. Rishikesh sanyi ne a Disamba da Janairu, damina kuma kogin na cika. Ba a sayar da nama a Rishikesh, a cikin ashram duka biyun ma ganye da hatsi ne. Masallaci akwai a cikin garin Tiruvannamalai, a can Rishikesh kuwa Juma'a ta fi sauƙi in ka gangara Jwalapur a gefen Haridwar. Duk wanda ka zaɓa ka rubuta musu tun da wuri in kana son masauki a ciki, ba a faɗo musu haka kawai, kuma ka gaya musu kai Musulmi ne ɗalibi mai bincike, ni ba wanda ya matsa mini in shiga wata ibada tasu.

Ƙanina na san shi tun yana rarrafe, yaron kirki ne amma tun firamare baya jure a ce masa ya yi kuskure, gardama zai yi har sai an gaji an bar masa. Da na gama masa bayani yace Yaya ni fa Ramana ya fi kwanta mini a rai, nace na sani, shi yasa nake so ka sayi tikitin Haridwar. Ya yi shiru a wayar na ɗan lokaci, sannan yace to Nan Yar ɗin fa, nace ka saka shi a jaka, shafukansa kaɗan ne, amma kada ka buɗe shi sai ka yi sati kana shara. Jiya ya turo mini hoton tikitin, 9 ga wata zai tashi.